Saodah da Kwamfutar da Ta Saƙa wa Rufi

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta labarin Mak Cik Saodah, wato Inna Saodah a yarenmu, domin ban tabbata abin da na koyo a kansa ya isa ba. A makarantar da na yi karatun kasuwanci a Ingila, wata rana malaminmu ya haska hoton wata 'yar kwamfuta a jikin allo, ya ce ga misalin kaya mai kyau da ya kasa cin kasuwa. Ina ɗaga ido sai na ga Embun ce, wadda ake haɗawa a bayan unguwarmu ta Bayan Baru. Ya kawo dalilansa. Kuɗinta ya kai na sabon babur, ba a iya buɗe ta a ƙara mata komai, kuma masu sayen kwamfuta da yawa a lokacin ofisoshi ne, su kuwa ba kyau suke nema ba. Na rubuta, na kuma ci jarrabawa da shi. Ban gaya wa kowa a ajin cewa na san matar da take goge jikinta ba.

Da na dawo Penang, tun ban gama kwance kaya ba mahaifiyata ta ja ni gefe.

"Mala, idan kin hau gaishe da Mak Cik Saodah, kada ki kuskura ki ambaci injin nan."

"Saboda me, Mak?"

"Saboda ita ta kashe shi. Haka dai take cewa."

Na yi dariya, Mak ba ta yi ba. Tun daga ranar nake ɗauke da bayani biyu da suka ƙi haɗuwa, na malamina da na maƙwabciyarmu ta hawan sama.

An haifi Saodah a wani ƙauyen manoman shinkafa a jihar Kedah. Tana budurwa motar kamfani ta zo ƙauyensu neman 'yan mata masu kaifin ido da tsayayyen hannu, ta hau tare da wasu, suka haye ruwa zuwa tsibirinmu na Penang. Shekaru masu yawa ta yi tana sunkuye a kan madubin ƙara girma, tana liƙa wayoyin da suka fi gashi siranta, har idanunta suka fara yin ruwa. Ta auri Pak Cik Jamil, wato Baba Jamil, mai ɗaure igiya a jirgin fito, mutum marar yawan magana. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ciwon zuciya ya ɗauke shi tun ina makarantar firamare. Danginta suka ce ta koma gida, ta ce a'a, ta saba da nan. Abin da ta saba da shi kuwa, kowa a benenmu ya sani, Teoh Siew Lian ce.

A motar ma'aikata suka haɗu, kuma da faɗa suka fara, a kan kujerar gefen taga. Siew Lian gajera ce mai babbar murya, 'yar unguwar Jelutong, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Saodah doguwa ce, kullum da kwarashi da zare a hannu, ko a mota saƙa take yi. Mak ta yi aiki tare da su, ita ta ba ni labarin irin hirarsu. Siew Lian kan kira Saodah Kak Odah, wato Yaya Odah, ita kuma ta kira ta Ah Lian.

"Kak Odah, ke da wannan ƙugiyar taki, wata rana sai kin tsone min ido."

"In na tsone ɗaya ai kin huta, Ah Lian, sai ki rage kallon direba."

"Wannan tsohon? Haƙoransa uku, biyu ma aro ne."

Siew Lian ba Musulma ba ce, don haka Saodah ba ta cin girkin gidanta saboda naman alade, abin kuma ya dami Siew Lian, domin ita a wajenta wanda bai ci girkinta ba bai san ta ba. Sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura jan zare a hannun tukunyar, ta tara mijinta da 'ya'yanta ta ce duk wanda ya sa alade a ciki, shi za ta dafa. A cikinta take yi wa Saodah miyar kifi mai tsamiya duk sabuwar shekararsu. Saodah kuwa ba ta mayar da kwano wofi, don haka idan Sallah ta zo sai tukunyar ta koma Jelutong cike da rendang, naman da ake dafawa da madarar kwakwa. Na sha ganin tukunyar nan a matakalar benenmu, tana hawa ko tana sauka.

Lokacin da idanun Saodah suka gaza aikin madubi, Siew Lian ce ta ji labarin wani ƙaramin kamfani na 'yan gida da ke ɗaukar mata a sashen gogewa. Suka tafi tare, aka ɗauke su tare. A can suka tarar da Embun.

Ni ma na gan ta da idona kafin in tafi karatu, kuma har yau ban ga kwamfutar da ta kai ta kyau ba. Girmanta bai wuce gwangwanin biskit ba. Jikinta na roba ne mai kauri, garai-garai kamar ƙanƙara, kana hango kayan cikinta a rataye. Ba ta da fanka, don haka ba ta ƙara ko kaɗan. Zafinta ta sama yake fita, ta wasu 'yan ramuka da aka jera a kanta. Aikin su Saodah shi ne su sa farar safar hannu su goge jikin har sai babu tabon yatsa ko ɗaya, sannan a sa ta a kwali.

"Na yi shekara da shekaru ina aikin abin da ban taɓa ganin kamanninsa ba," in ji Saodah da ta ba ni labari. "Waya ce dai, ki liƙa, ta wuce. Wannan kuwa ga shi a hannuna, dukansa. Idan na gama gogewa har fuskata nake gani. Tausayinsa nake ji idan za a rufe kwali, don na san gidajenmu. Kwana biyu ƙura ta hau shi, yara su dafa shi da hannun miya."

A gidajenmu kuwa duk abin da aka ɗauka da daraja ba a barinsa tsirara. Talabijin yana da rufinsa, rediyo yana da nasa, wayar tarho ma tana da ɗan ƙyallenta. Da wani shugaban makaranta na unguwarmu ya sayi Embun, sai Saodah ta saƙa masa rufi kyauta, fari mai furanni a gefe. Da ta lura ƙura za ta bi ta idon saƙar, sai ta yi masa shafi da yadi mai santsi daga ciki. Ya zauna ɗas, kamar da shi aka ƙera ta.

Siew Lian ce ta ga kasuwa a ciki. Ƙaninta Kok Leong yana da shagon kayan lantarki a cikin gari, yana cikin 'yan kaɗan da suka yarda suka jera Embun, kuma ciniki ba ya tafiya. Maza su shigo su yaba, matansu su shafa ta su ce wannan ai aikin shara ce. Siew Lian ta ja Saodah har shagon da rufin a jaka.

"Kok Leong, buɗe idonka ka ga abin da zai sayar maka da wannan ƙanƙarar taka."

"Yaya, kwamfuta nake sayarwa, ba kayan ɗakin amarya ba."

"Yi min shiru. Wa ke riƙe da jakar kuɗi a gida? Kak Odah, ɗora masa ya gani."

Aka ɗora, ya gani, ya ce a kawo goma. Duk wanda ya sayi Embun a shagonsa sai a haɗa masa da rufi kyauta. Ciniki ya ɗan motsa, wasu shaguna suka ji, su ma suka nema. Saodah ta kasa ita kaɗai, ta koya wa matan sashensu, motar ma'aikata ta cika da masu saƙa. Mak ta ce ba ta taɓa ganinta cikin walwala irin ta wannan lokacin ba. Da rana ta goge jikin, da yamma ta yi masa riga.

Babu wanda ya yi tunanin ramukan nan na sama. A cikin ɗan littafin da ke zuwa a kwali an rubuta da Turanci cewa kada a toshe su, amma wa ke karanta shi? Talabijin dai ana yaye masa rufi ne don a ga hoto. Ita kuwa Embun allonta daban yake, jikinta ba ya bukatar a yaye, sai mutane suka riƙa kunna ta da rigarta a jiki. Da yake kuma ba ta ƙara, da yawa sukan manta a kunne take, su tafi aiki su bar ta. Da watannin zafi suka shigo sai suka fara mutuwa. Wata ta ɗauke tana tsakiyar aiki, wata samanta ya yi fari ya tsage. Aka riƙa dawo wa Kok Leong da su, ana zaginsa a bakin shago. Magana ta bazu a gari cewa kwamfutar kyau ce kawai, ba ta da rai.

Kamfani ya tura wani injiniya gidan wani mai ƙorafi. Ya shiga falo, ya tambayi ina take, aka nuna masa. Ya ɗaga rufin da yatsa biyu, ya ji zafinsa, ya tambayi wa ya yi wannan.

Washegari manaja ya tara ma'aikata a wurin cin abinci, ya ɗaga rufin sama kowa ya gani. Bai kira suna ba, bai kuma bukaci ya kira ba, domin furannin gefen nan kowa ya san hannun da ke yinsu. Saodah ta ce min ba ta ji abin da ya faɗa ba, safar hannunta kawai take kallo. Aka aika wa shaguna cewa su daina bayarwa. Bayan wasu watanni aka rufe sashen haɗawa da na gogewa gaba ɗaya, aka sallami matan. Kok Leong ya sauke allon shagonsa, wanda sunan mahaifinsu ne a jiki.

A ranar ƙarshe, a bakin ƙofar masana'anta, mata na jiran mota, wasu na kuka, Saodah ta matsa ta riƙe hannun ƙawarta. Siew Lian ta fizge.

"Sake ni. Ke da shegen zarenki kin shaƙe mu duka. Kin shaƙe injin, kin shaƙe ƙanina, kin shaƙe matan nan. Je ki saƙa mana likkafani."

A gaban kowa ta faɗa, da muryar nan tata. Suka shiga mota, kowa da kujerarta. Tukunya tana Jelutong a lokacin, don Sallah ba ta daɗe da wucewa ba. Sabuwar shekararsu ta zo ta wuce, ba ta hawo matakalarmu ba. Saodah ta koma wankin kwanuka a wani gidan abinci, daga baya ta riƙa rainon yaran maƙwabta. Kwarashi kuwa ba a ƙara ganinsa a hannunta ba.

Na bi umarnin Mak na wasu makonni, sannan na karya shi. Na hau da rana, na tarar da ita tana tsince shinkafa. Ta ba ni shayi, ta tambaye ni sanyin Ingila, ta ce na rame. Sai na ce mata a can an koya mana labarin Embun.

Hannunta ya tsaya. "Har can maganar ta kai?"

"Ta kai, Mak Cik, amma babu sunanki a ciki, babu rufi ma. Sun kai ta Singapore, sun kai ta Bangkok, har Ostireliya, inda ba wanda ya taɓa ganin saƙarki, kuma can ma ba a saya ba. Tsada ce ta yi yawa. Waɗanda suka mutu a nan 'yan kaɗan ne a cikin waɗanda ke jibge a sito. Ko ba ki taɓa riƙe kwarashi ba, da an rufe wurin."

Ban faɗa don in lallashe ta ba, gaskiyar da na sani ke nan, kuma har yau ina ganin malamina bai yi kuskure ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

"Kin yi karatu, Mala, Allah ya yi albarka. Sha shayinki kada ya huce."

Na gane cewa ba daga bakina take jiran wannan maganar ba. Don haka na nemi Siew Lian. Na same ta a kasuwar Jelutong da safe, a bayan teburin taliyar wani ɗan'uwanta, tana yanka albasa. Ta tsufa, amma muryar na nan.

"Ke ce 'yar Rokiah? Wadda ta tafi Turai? Ina Baturen mijin naki?"

"Ban samo ba, Anti."

"Asarar kuɗin jirgi. Zauna."

Na fara jero mata dalilan nan, tsada da Singapore da sauransu. Ta katse ni da wuƙa a hannu.

"Yarinya, ajiye karatunki. Kin ɗauka ban sani ba? Ƙanina ne ke sayar da abin. Kafin rufi ya zo wata guda sai ya wuce bai sayar da biyu ba. Kuma wa ya ja ta har shagon? Ni ce. Tun a ranar da na faɗa na san ƙarya nake. Bakina ne ya ga wadda ta fi kusa, ya cije ta."

"To, Anti, ki zo mu tafi mana. Mota ɗaya ce."

"In je in ce me?"

"Abin da kika gaya min yanzu."

Ta ci gaba da yanka albasa har ta gama guda, ta ɗauki wata.

"Ba ki san Kak Odah ba. Ina shiga ɗakin nan za ta miƙe ta ɗora ruwan shayi, ta kama hannuna ta nemi gafarata. Ita za ta nemi tawa! Da ma zagina za ta yi, da tuni na je. Sau biyu ina zuwa har ƙasan benenku, in ga kayan shanyarta, in juya."

Na ce ai lokaci bai ƙure ba. Ta ce ya ƙure, domin 'yarta da ke garin Ipoh ta matsa sai ta koma wurinta saboda ciwon ƙafa, an ma riga an ɗaure kaya. Ta ce in biyo ta gida. A ɗakin ba abin da ya rage sai kwalaye. Ta hau kujera da ƙyar, ta sauko da wani abu daga saman kabad, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Tukunyar nan ce. Jan zaren hannunta ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa.

"Kai mata."

Na buɗe murfin. "Anti, haka wofi?"

"An cire min tukunyar gas tun jiya. Da me zan dafa?" Ta juya min baya tana gyara igiyar wani kwali da ba ya bukatar gyara. "Ki ce mata tun ranar nan ban taɓa sa komai a ciki ba. Tsabtarta na nan. Wannan kawai za ki ce."

Na roƙe ta ta ba ni ko da lambar wayar 'yarta. Ta ce ba ta haddace ba.

Na tsaya a bakin titi ina tunanin ko in sayi miyar kifi in zuba a ciki. Na fasa, domin Mak Cik Saodah ta san hannun ƙawarta a girki kamar yadda matan masana'anta suka san nata a saƙa. Na hau da tukunyar kamar yadda aka ba ni.

Tana ganin abin da ke hannuna ta miƙe tsaye. Ta karɓa da hannu biyu, kuma daga nauyin ta gane, amma duk da haka ta buɗe murfin ta duba. Na isar da saƙon kalma da kalma, na ƙara da cewa Anti Siew Lian ta ce ta san ba laifinta ba ne, tun ranar ta sani, kuma za ta koma Ipoh.

"Ƙafar ce?" ta tambaya.

"Ita ce."

"Na sha gaya mata ta rage tsayuwa. Ba ta ji."

Ta shiga ciki, na ji tana jan akwati. Ta fito da rufi guda ɗaya, fari mai furanni a gefe, cikin waɗanda suka rage ba a kai shago ba. Ta ajiye tukunyar a kan kabad ɗin falo kusa da hoton Pak Cik Jamil, ta shimfiɗa rufin a kanta, ta gyara kusurwoyinsa. Ya ɗan yi mata kaɗan, hannun mai zaren ya leƙo waje. Ta koma ta zauna a gaban farantin shinkafarta.

Na san ya kamata in tashi in tafi, amma tambayar da na hawo da ita tun farko ta ƙi barina.

"Mak Cik, yanzu da ita da kanta ta faɗa, kin yarda ba ke kika kashe Embun ba?"

Ta daɗe tana tura ƙwayar shinkafa da yatsa kafin ta amsa.

"In ba ni ba ce, Mala, ke nan shekarun nan duka Ah Lian ta bar ni ne a kan babu komai. Ki bar min laifin a kan rufin. Shi na iya ɗauka."